Kawu, In Saya Ko In Jira?

Ɗan ƙanwata ya kira ni daga Dauran bayan sallar isha'i, murya na zuwa tana ɗaukewa saboda raunin sabis. Ɗalibi ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, in an yi hutu kuma yakan zauna a wani ɗan shago inda suke buga wa mutane takardu, su cike musu fom, su yi wa yara rajistar jarrabawa. Bayan mun gaisa na tambayi mutanen gida, sai ya shigo da abin da ya sa ya kira. Ya tara 'yan kuɗi tun kakar bara, mahaifiyarsa ta sayar da tunkiya ta cika masa, yana son ya canja kwamfutarsa. To amma wani abokinsa ya nuna masa bidiyo a waya, wani Bature na bayanin sababbin kwamfutocin da za a fitar nan da 'yan watanni.

"Kawu, in saye yanzu ko in dakata? Sun ce wagga da za ta hito ta hi duk na baya."

Na ce masa, "Wadda ke hannunka me ta yi maka?"

Ya lissafo: batirinta ba ya kai minti arba'in, in ya kunna ta sai ya je ya yi alwala ya dawo ba ta gama buɗewa ba, fankarta na gurnani kamar injin niƙa. Na sake tambayarsa ko akwai aikin da aka kawo shago ya mayar saboda ta kasa. Ya yi shiru, can ya ce babu, sai dai ɓata lokaci. Na ce ya ba ni kwana biyu. Abin da na yi ta juyawa a raina cikin kwanakin nan shi nake son in shimfiɗa a nan, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba. Malamin firamare a Moriki na da ita, ma'aikaciyar asibiti a Shinkafi na da ita, haka mai POS ɗin da ke son faɗaɗa sana'arsa a bakin tashar Zurmi.

Kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori suna da kalandarsu, kuma ba ta cika sauyawa ba. Duk watan Janairu ana babban bajekolin CES a Las Vegas, inda Intel da AMD da masu haɗa kwamfuta irin su HP, Dell, Lenovo da Asus ke nuna abin da suka tanada. Apple kan fitar da sabuwar iPhone a Satumba, kwamfutocinsa da iPad kuwa yawanci a watannin farkon shekara ko a wajen Oktoba. Tun da ya fito da ƙwaƙwalwarsa ta M1 a Nuwamban 2020 yake ta jero su, M2, M3, M4, har M5 a Oktoban 2025. Ke nan duk ranar da mutum ya ɗauki kuɗinsa zai saya, akwai wata sabuwa a hanya. Wanda ya ce sai ya ga ta ƙarshe, jiran gawon shanu yake yi.

Su kansu kamfanonin sun san ƙarfin wannan jira, har tsoronsa suke. A 1981 wani kamfani a Amurka mai suna Osborne ya fitar da ɗaya daga cikin kwamfutocin farko da mutum zai iya ɗauka ya yi tafiya da ita, ta kuwa samu kasuwa. A 1983 sai mai kamfanin, Adam Osborne, ya soma tallar waɗanda za su gaje ta tun ba su kammala ba. Dillalai suka janye daga tsohuwar suna jiran sabuwa, kuɗi ya daina shigowa, kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya durƙushe. Masu bin tarihin harkar na cewa akwai wasu dalilan da suka taru, amma sunan ya bi shi: har yau in kamfani ya kashe kasuwar kayansa da bakinsa, da Osborne ake kwatanta shi. Tun daga nan suka iya takunsu. A yi shiru har kaya su kusa isa kanti, a bar masu bidiyo da 'yan tsegumi su riƙa ɗumama zukata. Bidiyon da aka nuna wa ɗan ƙanwata daga wannan gida ya fito. Mai yin sa da yawan masu kallo yake cin abinci, kuma da mutumin Landan ko Dubai yake magana, wanda zai taka zuwa kanti ranar da aka fitar da kaya, ya miƙa tsohuwar a rage masa kuɗin sabuwa.

Mu kuwa a ƙarshen layi muke, kuma da ma'anarsa ta zahiri na faɗe shi. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, a Ƙauran Namoda ya tsaya a 1929, daga nan babu gaba. Gyaɗa da auduga su tafi, atamfa da kwanuka da kananzir su zo, kuma duk abin da ya iso nan ya riga ya ratsa hannuwa da yawa, kowane hannu ya ɗora nasa. Jirgin ya daɗe da daina zuwa yadda ya saba, amma tsarin na nan. Kwamfutar da za ta iso Dauran sai ta sauka Legas, ta kwana a Computer Village ta Ikeja, ta hau mota zuwa Kano, Farm Centre ko titin Beirut, ko ta wuce Gusau wajen 'yan Bebeji Plaza, kafin wani ya cusa ta cikin jaka ya kama hanyar Ƙaura da addu'a a bakinsa.

A wannan doguwar hanya dala ce ke yanke farashi. A watan Mayun 2023 tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, wajen 750 a hannun 'yan canji. A Yuni aka saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500 ko ta ina aka bi. Duk wanda ya riƙe kuɗinsa a tsakiyar 2023 yana jiran sabon samfuri, da sabon ya fito sai ya tarar ko tsohon kuɗin ba za su saya masa ba. Na san mutum biyu da haka ta faru da su, ɗaya har yau da waya yake aikin ofis. MacBook Air ɗin da Apple ya fitar a Maris ɗin 2025 dala 999 ce a Amurka. A lissafin 1,500, kusan naira miliyan ɗaya da rabi ke nan, tun kafin a sa kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Albashin sama da wata 21 ke nan, ba ci ba sha.

Mutumin karkara ya fi kowa sanin cewa ba kullum ajiya ke haifar da riba ba. 'Yan kasuwar hatsin da suka cika rumbuna a kakar 2024 suna jiran bazara ta ninka musu kuɗi sun ga yadda masara da gero da dawa suka yi ta sauka a 2025. Su jiran tsada ya ci su, mai sayen kwamfuta kuma jiran araha ke cin sa. Tsohon zancen nan cewa kayan lantarki kullum ƙara sauƙi suke ma ya soma girgiza. A ƙarshen 2025 farashin ram, wato ma'ajiyar wucin gadin da kwamfuta ke shimfiɗa aikinta a kai, ya yi tashin gwauron zabi a duniya, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira na kwashe abin da Samsung da SK Hynix da Micron ke ƙerawa, su ukun nan kuwa su ke riƙe da kusan duk kasuwar. A Disamba Micron ya ma sanar da cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayansa masu sunan Crucial.

Sai kuma mu tambayi abin da sabuwar za ta yi mana. Tun 2024 abin da ake yayi shi ne kwamfutocin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda Microsoft ya raɗa wa Copilot+, da ajiye komai a intanet, da kiran bidiyo tangaram. Wasu daga cikin waɗannan na aiki ko babu layi, amma akasarin abin da ke burge mai kallon talla sai da intanet mai ƙarfi da ba ya yankewa. Mutumin Zamfara ba ya buƙatar a tuna masa Satumban 2021, lokacin da hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su rufe layukansu a faɗin jihar bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran wurare sai wajen ƙarshen Nuwamba. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa jihohin maƙwabta domin kawai su yi waya ko su tura kuɗi. A watannin nan kwamfutar da ta amfani mai ita ita ce wadda takardunta ke cikin cikinta, manhajarta ke aiki ba sai da data ba. Ko yanzu da layi ke nan, hukumar ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data tun Janairun 2025, kowa kuma ya ji a aljihunsa.

Abin da ke kashe kwamfuta a arewacin Zamfara sananne ne ga duk mai gyara. Ƙurar hunturu ta toshe fanka. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya cinye batir. Wutar janareta mai hawa da sauka ta ƙone caja, a sayo ta jabu, ta jabun ta ƙone allon ciki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da bajekolin Las Vegas ke magancewa. Shi ya sa in za a tambaye ni, kwamfutar da ake iya kwance bayanta da sukuddireba a kakkaɓe ƙura a canja batir ta fi mana siririyar nan mai sheƙi da aka liƙe komai nata da gam.

Duk da haka ban ce mutum ya toshe kunnensa daga abin da ke faruwa a waje ba. Akwai labarin da ya shafe mu kai tsaye, sai dai ba shi masu bidiyo ke bayarwa ba. Mafi yawan kwamfutocin da ke hannun mutanenmu na hannu ne, waɗanda 'yan kasuwa ke kira 'yan Landan ko 'yan Amurka. Bankuna da ma'aikatu da kamfanoni a can sukan sayi kwamfutoci da yawa lokaci guda, su yi aiki da su shekara uku zuwa biyar, su sallame su. Waɗannan su ne HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad da ke jere a shagunan Kano da Gusau. Don aikin ofis aka ƙera su, suna da ƙwari, kayan gyaransu kuma na samuwa. Saboda haka sabon samfurin da ya fito yau zai zo mana, amma sai nan da shekara huɗu, bayan wani ya biya tsadarsa ta farko. Wannan ciniki ba shi da laifi, ni ma da shi na yi karatu kuma da shi nake rubutu. Haɗarinsa shi ne ba komai ake sallamowa don ya tsufa kaɗan ba, wani don ya mutu ne. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Najeriya a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma ba ya aiki tun daga can.

Yanzu akwai wata mutuwar da ido ba ya gani. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10. Kwamfutar da ke ɗauke da ita ba za ta ɗauke ba, za ta kunnu ta yi rubutu kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne toshe kafofin da ɓarayin intanet ke ganowa, sai fa ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adin da kamfanin ya bayar, shi ma ga mutanen gida iyakarsa 13 ga Oktoban 2026. Magajiyarta Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba kowace kwamfuta take karɓa ba. Tana neman wata 'yar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, tana kuma neman ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko ta AMD daga Ryzen 2000. Duk ma'aikatar da ta san abin da take yi a Turai da Amurka ta fitar da waɗanda ba su cika wannan sharaɗi ba, kuma ba sai an gaya wa mai karatu inda irin waɗannan kaya ke dosa ba. Mai shagon da ke karɓar lambar NIN da BVN da hoton mutane, yana shiga asusun banki a kan kwamfutar da aka daina toshe wa kafa, amanar jama'a yake wasa da ita ko bai sani ba. Wannan ranar, ranar da za a daina kula da na'ura, ita ce ta cancanci mutumin Dauran ya rubuta a bangon shagonsa.

Gane zubin ba shi da wuya, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan ko da ya manta sauran. Ɗan kasuwa zai ce maka "Core i7 ce, babbar ce." Sunan i5 ko i7 shi kaɗai bai gaya maka komai ba. Ka ce a buɗe maka bayanin kwamfutar ka ga cikakkiyar lambar. In ka ga i7-6600U, lambar farko bayan ɗan layin nan, wato 6, ita ce zubin, kuma ƙirar 2015 ce. In ka ga i5-8350U, zubi na takwas ne. Daga na goma zuwa sama lambobi biyun farko ake karantawa, kamar i5-10310U ko i5-1135G7. A zubi na takwas ne, wanda ya fito a 2017, Intel ya ninka zukatan aikin irin waɗannan ƙwaƙwalen daga biyu zuwa huɗu, shi ya sa i5 ta zubi na takwas ke barin i7 ta zubi na bakwai a baya. Kada kuma ganin Windows 11 a fuskar kwamfuta ya ruɗe ka. Akwai dabarar ɗora ta a kan wadda ba ta cancanta ba, masu gyara da yawa sun iya, Microsoft kuma ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin waɗannan ba.

Ni kaina an taɓa yi mini wannan. Shekarun baya na aika kuɗi wani ya sayo mini kwamfuta a wata kasuwa, aka ce masa i7 ce, ya biya kuɗin i7, ta iso hannuna na tarar tsohon zubi ce da ta girmi wadda nake son rabuwa da ita. Da aka koma, mai shagon ya ce ai bai yi ƙarya ba, i7 ɗin ce. Cinikin biri a sama na yi, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai, domin kuɗin guminsu na sha kafin in tara su. Tun daga ranar ba na barin wani nawa ya sayi kwamfuta ba tare da ya karanto mini lambar nan ta waya ba. Batir ma yana da hanyar bincike: a Windows akwai umarnin powercfg /batteryreport, wanda ke nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da abin da ya rage masa yanzu. In ya sauka ƙasa da rabi, a cire kuɗin sabon batir daga farashin. Mai shagon da ya hana ka dubawa ya riga ya ba ka amsa.

Da yawa daga cikin masu son canji ma gyara suke buƙata. Kwamfutar da ke jan ƙafa wajen buɗewa, galibi tsohon faifan ajiya mai juyawa ne a cikinta. A cire shi a sa SSD, a kai ram ɗinta gigabait takwas, a busa ƙurar fanka, a sa sabon batir, sai mai ita ya rantse wata aka ba shi, kuma kuɗin bai kai ko kusa da na sayen wata ba. Wadda Windows 11 ta ƙi kuwa ba ta zama shara ba. Akwai Linux Mint da Ubuntu, kyauta ne, ana sabunta su, suna buga takarda suna shiga intanet. Ina ganin babban aiki ne ga sashen kimiyyar kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura ya yaye ɗaliban da suka iya wannan da hannunsu, domin garuruwan da ke kewaye da ita cike suke da injinan da ke jiran mai tayar da su.

Kwamfutar hannu, wadda yara ke kira tab, nata zancen daban ne, kuma a nan na fi jin tsoron a cuci iyaye. Tana da amfani na gaske: cajinta kaɗan ne, ƙaramin farantin sola ya ishe ta, tana kwana da wuta, malamin Islamiyya zai zuba littattafai masu yawa a ciki ya karanta ba tare da ya matse ido ba. Amma kasuwa ta cika da masu arahar da ba a san kamfaninsu ba, ram gigabait biyu, tsohuwar Android da ba za a taɓa sabuntawa ba, gilashin in ya fashe babu irinsa daga Gusau har Kano. A Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan duk Android da ke ƙasa da ta 5, kuma haka manhajoji ke yi lokaci zuwa lokaci, su ɗaga ƙafa su bar na baya. Turai ta yi wa kanta doka: daga 20 ga Yunin 2025 duk waya ko tab da za a shigar kasuwarta sai an ci gaba da sabunta ta aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da ita, kayan gyaranta kuma su samu har shekara bakwai. Wannan doka ba ta bin kaya zuwa Shinkafi. Mu da bakinmu za mu tambaya: wace Android ce a ciki, wace shekara aka fitar da ita, in ta fashe wa ke da gilashinta? In amsar ta yi wuya, gara Samsung ko Tecno ko Infinix ko Itel da kowane mai gyara ya sani. Uban da ke son ɗansa ya shirya wa JAMB kuma ya sani cewa tun 2015 da kwamfuta ake jarrabawar gaba ɗaya, da madannai da linzami, A, B, C, D na zaɓar amsa, N na gaba, P na baya. Yaron da bai taɓa komai ba sai shafa gilashi da yatsa zai ɓata mintuna yana laluben abin da sa'a biyu a gaban tsohuwar kwamfuta za su koya masa. WAEC ma ta soma gwada jarrabawar kwamfuta da masu zaman kansu tun 2024.

Akwai inda jira ke da hujja, ba zan ɓoye ba. Wanda aikinsa haɗa fim ne ko zanen gini, kuma sabuwa dal a kwali zai saya, in an riga an sanar da ranar fitowar magajiyarta nan da mako uku ko huɗu, ya dakata, ko ba don sabuwar ba, don ta yanzu kan sauko. Wanda tasa ke yi masa aiki lafiya kuma ana kan sabunta ta, shi ba jira ma yake ba, zamansa yake, kuma ya yi daidai. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wanda nake jin takaicinsa shi ne mai sana'ar da ke mayar da aiki kullum, kwastoma na tsaye yana jiran na'ura ta farka, rajistar yaro na kuɓucewa saboda shafi ya ƙi buɗewa, amma ya ƙi taɓa kuɗin da ya tara wai yana jiran wata da ya gani a waya. Shi kullum asara yake, ba ya dai ƙirga ta ne. Ga kuma abin da ba ma son faɗa: a hanyoyinmu na yanzu, tafiya da na'urar miliyan biyu a jaka wani nauyi ne a zuciya, kuma kuɗin da aka ajiye a gida shekara guda, buƙata ba ta barin su, in ba ciwo ba biki, in ba biki ba wata musibar da ba a fata.

Da kwana biyun suka cika na kira shi. Na sa ya karanto mini lambar tasa, sai ga ta zubi na huɗu, ta haura shekara goma a duniya. Na ce masa kada ya jira kowa. Ya nemi 'yar Landan daga cikin na ofis ɗin nan, zubi na takwas ko sama, in kuɗin sun kai na goma ko na sha ɗaya ya fi, ram gigabait takwas aƙalla da gurbin ƙari, SSD a ciki, kuma mai karɓar caji ta USB-C domin babban fawa-banki ya iya riƙe ta ranar da babu wuta. Ya je da kansa ko ya tura wanda ya iya dubawa, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da kwanakin garanti a rubuce. Abin da ya rage na kuɗin ya sa a caja ta asali da ɗan batirin sola. Tsohuwar kuma kada ya sayar da ita a banza, ya sa mata Linux ya ajiye ta a kusurwar shago, yaran unguwa masu shirin JAMB su riƙa koyon madannai a kai.

Ya ce, "To Kawu, in sabuwar ta hito hwa?"

Na ce za ta fito, wata ma za ta biyo ta, kuma in Allah ya ja kwana zai same ta a Gusau nan da shekara huɗu a kan kuɗin da zai iya biya.

Ga 'yan kasuwarmu na Kano da Gusau da Ƙaura kuwa ina da roƙo guda. Ku rubuta zubin kowace kwamfuta da shekarar ƙirarta a jikin takardar farashi, ku kuma gaya wa mai saye gaskiya in Windows 11 ɗin da ke kai ta dabara ce. Wanda ke tsaye a gabanku da kuɗi a ƙulle cikin leda, wataƙila tunkiyar mahaifiyarsa ce a ciki.